Sarkin Da Aka Hana Aron Littafi

A ƙarshen watan Disamba na shekarar 1645, Sarkin Ingila, Charles na Farko, yana zaune a birnin Oksfod. Ba sha'awa ce ta zaunar da shi can ba. Yaƙi ne ya tashi tsakaninsa da Majalisar ƙasar, birnin Landan ya fi ƙarfinsa, ya kwashi fadawansa ya koma Oksfod, inda babbar jami'ar nan take. Ran nan ya so ya duba wani littafin tarihi wanda wani Bafaranshe ya wallafa, sai aka rubuta takarda zuwa ɗakin littattafan jami'a, aka ce a ba ɗan aike littafin ya kai wa Sarki. Wakilin shugaban jami'a ma ya sa hannu a takardar.

Ma'ajin littattafai a sa'an nan wani malami ne, ana ce da shi John Rous. Da ya karanta takarda bai ba da littafi ba. Sai ya ɗauki kundin dokokin ɗakin, ya tafi fada da ƙafarsa, ya nuna wa Sarki inda aka rubuta cewa ba a fita da littafi daga ɗakin nan saboda kowa, kome girmansa. Sarki Charles kuwa mutum ne wanda ya ɗauka sarauta daga Allah take, ba mai ikon ja da ita, abin da ya haɗa shi da Majalisa ke nan. Amma da ya karanta dokar sai ya janye umurninsa, ya ce daidai ne a kiyaye wasiyyar wanda ya kafa ɗakin.

Dalilin wannan doka mai tsanani yana cikin abin da ya auku tun kafin a haifi Sarkin. A zamanin da ba a san injin ɗab'i ba, ko wane littafi da hannu ake rubuta shi, a kan fata, ya ci watanni, kuɗinsa kuwa sai mai hali. Saboda haka kwalejojin Oksfod, kamar Kwalejin Merton, sukan raba littattafansu kashi biyu. Kashi ɗaya a rarraba wa malaman kwaleji aro, kowa ya riƙe nasa har ranar da za a tara su a ƙidaya. Kashi ɗaya kuwa, watau waɗanda kowa ke bukata kullum, a ɗaure su da sarƙa a jikin tebur, mai son karatu ya zo ya zauna ya karanta.

Ita jami'ar kanta ta sami babbar kyauta daga wani ɗan sarki, Humfrey, ƙanen Sarki Henry na Biyar. Ya ba ta littattafai rubutun hannu fiye da 280, aka gina musu soro na musamman, aka buɗe shi a 1488. Ba a shekara saba'in ba soron ya zama kango. An ba da labari cewa masu aro sukan ajiye jinginar da ba ta kai kuɗin littafi ba, su tafi da shi, su bar wa jami'a jinginar. Sa'an nan a 1550, bayan Ingila ta rabu da Paparoma, aka aiko da wakilan Sarki su tsince littattafan tsohuwar aƙida. Aka ƙone waɗansu, aka sayar da waɗansu ga masu yi wa littattafai bango da maɗinka, suna yanka fatar suna aiki da ita. A 1556 har teburan aka sayar. Cikin kyautar Humfrey duka, uku kaɗai ke ɗakin a yau.

Wannan kango shi Thomas Bodley ya gani da idonsa sa'ad da yake saurayi yana karatu. An haife shi a 1545, ya koyar da Girkanci a Merton, daga baya ya zama jakadan Sarauniya Elizabeth ta Farko a ƙasar Holan. Ya auri wata gwauruwa mai dukiya, wadda mijinta na fari ya arzuta da cinikin kifi. Da ya gaji da aikin sarauta, a 1598, ya rubuta wa jami'a ya ce zai gyara soron da kuɗinsa. Ya sa aka yi kantoci da bencina, ya bi abokansa manyan ƙasa yana roƙon littattafai, ya kuma ajiye wani babban littafi a fili inda ake rubuta sunan duk wanda ya ba da kyauta, don ya san halin masu dukiya. Aka buɗe ɗakin ran 8 ga Nuwamba, 1602, da littattafai sama da 2,000.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Bodley ya tabbata a ransa yawan ba da aro shi ke kashe ɗakunan littattafai, saboda haka ya hana shi ɗungum. Manyan littattafai aka sa musu sarƙa, ƙanana aka kulle, sai an tambayi ma'aji ya ɗauko. Ya hana shiga da wuta ko wace iri ce, ko fitila ko kyandir. Ya ce duk mai son shiga sai ya yi rantsuwa ba zai ɗauke littafi ba, ba zai yage ba, ba zai ɓata ba. Har ya so ya hana ma'aji aure, amma na farkon, Thomas James, ya matsa masa, ya yarda masa ba da son ransa ba.

Sai dai bai tsaya ga hani kaɗai ba. Da yake ya hana mutum tafiya da littafi gida, ya ga wajibi ne mutum ya sami abin da ya zo nema. A 1605 aka buga jerin sunayen littattafan ɗakin, don malami na nesa ya san abin da ke ciki tun bai taso ba. A 1610 ya yi yarjejeniya da ƙungiyar masu buga littattafai ta Landan, su riƙa aiko da kwafi ɗaya na ko wane sabon littafi kyauta. Ya sa a sayo na Larabci da na Ibraniyanci, har da na Sinanci, alhali ba mai iya karanta su a Oksfod. Sai a 1687 wani Basine ya zo ya gaya musu abin da ke ciki.

Bodley ya rasu a 1613, doka ta zauna. Aka kashe Sarki Charles a 1649, mulki ya koma hannun Oliver Cromwell, wanda ya ci shi da yaƙi. Shi ma a 1654 ya nemi a ara wa jakadan ƙasar Fotugal wani littafi rubutun hannu. Aka aika masa da dokar, ya karanta, ya haƙura.

To, amma dokar ba ta rasa nata laifi ba. Ƙasar Ingila ƙasar sanyi ce, da hunturu rana kan faɗi tun wajen la'asar. Ɗakin da ba wuta ba fitila, ga littafi ɗaure da sarƙa, ba kowa ke jure zama cikinsa ba. An kwance sarƙoƙi a tsakiyar ƙarni na 18, amma duk da haka a 1831 mutum uku ko huɗu kaɗai ke zuwa karatu a yini. Ba a sa abin ɗumama ɗaki ba sai a 1845, hasken lantarki kuwa sai a 1929. Littattafai sun tsira, masu karanta su ne suka yi ƙaranci.

Waɗansu ƙasashen wata hanya suka bi. A 1396 Ibn Khaldun ya aika da littafinsa na tarihi zuwa taskar masallacin Ƙarawiyyin a birnin Fas, inda ɗalibai ke karatu, ya yi wakafi da shi bisa sharaɗi: a ara wa amintacce, ya ajiye jingina, kada ya riƙe fiye da wata biyu. A Tambutu kuwa, Malam Muhammadu Bagayogo, wanda ya rasu 'yan shekaru kaɗan kafin Bodley ya fara aikinsa, ba ya ma tambayar jingina. Almajirinsa Ahmadu Baba ya ba da labari cewa ɗalibi kan zo ƙofarsa neman littafi, ya ba shi ko bai san shi ba, ba ya kuma bin sawu, har ya yi hasarar littattafai masu yawa ta haka. Ladansa yana wurin Allah, amma jami'ar da ɗalibai dubbai ke wucewa ta cikinta ba ta iya bin hanyarsa.

Laburaren kwaleji na yanzu ya ɗebi kaɗan daga ko wace hanya. Rajistar da ɗalibi kan yi kafin a ba shi kati ita ce gadon rantsuwa. Ranar mayarwa da akan sa masa, da tarar da akan ci wanda ya makara, su ne suka maye gurbin wata biyu da jingina. Ƙamus da sauran littattafan da akan ce a duba a nan, kada a fita da su, su ne 'yan sarƙa, ƙarfen kaɗai aka cire. A Oksford ɗin ma kwalejoji da sassan jami'a suna ba ɗalibansu aro, amma tsohon ɗakin Bodley har yanzu ba ya bayarwa, sabon mai karatu kuma sai ya yi alkawarin nan, ko da baki ko da sa hannu.

Akwai ƙofa ɗaya da dokar ba ta toshe ba. A 1624 ɗakin ya karɓi bugun farko na wasannin kwaikwayon Shakespeare, aka yi masa bango, aka sa masa sarƙa. Bayan kamar shekara arba'in sabon bugu ya fito, aka ga tsohon ba shi da sauran amfani, aka rabu da shi. A 1905 wani saurayi ya kawo wani tsohon littafi daga gidansu don a duba masa. Ma'aikata suka dubi bangon, suka ga tabon inda sarƙa ta kama, suka gane nasu ne. Aka yi karo-karo, a 1906 aka fanso shi fam 3,000.