Lokacin da teku ya kwanta a kan ƙasarmu

Yau tarihin da za mu waiwaya ya girmi na Daura da Gobir, ya girmi ɗan Adam kansa. Duk wanda ya taɓa yawo a duwatsun Adar, a jihar Tawa, mai yiwuwa ya tsinci dutse mai siffar katantanwa ko haƙorin kifi. To me ya kai kifi kan tsauni, a ƙasar da teku ke nesa da ita da ɗaruruwan kilomita?

Masana ƙasa sun nuna cewa kimanin shekaru miliyan 95 da suka wuce duniya ta yi zafi ƙwarai, ruwan teku ya cika ya tumbatsa, ya malalo cikin Afirka. Wani reshensa ya taso daga arewa, ya ratsa inda Sahara take yau, har ya haɗu da ruwan da ya shigo ta kwarin Binuwai. Ya ja baya ya sake dawowa, ba sau ɗaya ba. Farin dutsen da ake siminti da shi a Malbaza, ragowar ɓawon halittun ruwa ne na zuwansa na ƙarshe, wajen shekaru miliyan 60 baya.

Amma abin da ya fi shafar aljihunmu a can ƙarƙashin ruwan ya faru. A saman tekun akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, dangin gansakuka, ba su ƙirguwa. In sun mutu sai su nutse. A ruwan da ke motsi, iskar oksijin na isa har ƙasa, ƙwayoyin cuta su cinye gawar, ta ruɓe ta ɓace. A kwari mai zurfi kuwa, inda ruwan sama mai ɗumi ya danne na ƙasa ba sa gauraya, iskar kan ƙare, ruɓewa ta tsaya. Mun san baƙar lakar gindin tabki, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai in an tono ta da rani? To irinta ce, sai dai wannan ta yi ta taruwa ne shekaru dubbai kan dubbai.

Daga baya yashi da laka suka binne ta. Nauyi ya matse ta ta zama baƙin dutse mai falle-falle. Da ta nutsa kilomita 2 zuwa 4, inda zafi ke kai maki 60 zuwa 120, sai ta dahu sannu a hankali, mai ya tsatso daga jikinta, ya hau ya maƙale cikin dutsen yashi da ke sama. Kaso mai yawa na man Agadem, a jihar Difa, daga irin wannan dutsen na tsohon teku ya fito.

Shi ne man da bututu ke kawowa matatar Soraz kusa da Damagaram, wadda aka buɗe a 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana. Shi ne kuma wanda aka fara fitarwa a 2024 ta bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar tekun Benin.

Nan ne ya kamata mu tsaya mu yi tunani. Gero in mun ci, damina ta zo mu sake shukawa. Mai ba haka yake ba: rumbu ne da aka yi shekaru miliyoyi ana cikawa, mu kuwa muna ɗiba cikin 'yan shekaru, kuma ba mai mayarwa. Ranar da rijiyoyin Agadem suka ƙafe, jikokinmu za su tambaye mu inda kuɗin suka tafi. Ko za mu iya nuna musu makarantu da asibitoci da rijiyoyin ruwan sha?

Wanda ke da irin waɗannan duwatsun a garinsu, ya ɗauko hotonsu ya turo mana, mu gani tare.