Gidan Kiɗan Ɗankwanda: Kurna da Ɗanƙwairo

Gidan Ɗankwanda gida ne na makaɗan kotso a ƙasar Bakura da Maradun, cikin Zamfara ta tsohon Lardin Sakkwato. Sunan na Usman Ɗankwanda ne, makaɗin noma da ya koma makaɗin fada, amma 'ya'yansa biyu su suka fitar da gidan: Abdu Kurna da ƙanensa Musa Ɗanƙwairo, wanda aka haifa wajen 1909 ya rasu a 1991. Sun daɗe a ƙungiya ɗaya, wa yana jagora ƙane yana amshi, kafin ƙanen ya ware da nasa mutanen ya zama ɗaya daga cikin manyan makaɗan fada na ƙarni na 20. Har yau masu sauraro, daga Maradun zuwa Tambuwal da Jabo da Kebbe, ba su gama gardama a kan wannan rabuwa ba.

Asali

Ɗankwanda mutumin Ƙaya ne ta ƙasar Maradun, kuma shi ma gadon kiɗa ya yi. Da kiɗan noma ya fara, irin wanda ake yi wa manoma ranar gayya, makaɗi yana bin kunya-kunya yana zuga wanda ya fi cin ƙasa. Daga nan ya shiga hidimar Sarkin Ƙayan Maradun, ya riƙi kotso. Wannan hanya, daga gona zuwa fada, ba shi kaɗai ya bi ta ba; Ibrahim Narambaɗa ma da kiɗan noma ya soma kafin ya zama makaɗin Sarkin Gobir na Isa, Amadu Bawa.

A ƙasar Bakura aka haifi Musa, ya tashi yana bin uban wurin kiɗa tun yana ƙarami. Riwayar da aka fi sani ta ce a cikin 'yan amshin Ɗankwanda akwai wani mai zaƙin murya da ake kira Ƙwairo, da aka ji muryar yaron ta ɗauko tasa sai aka riƙa ce masa Ɗanƙwairo. Ke nan mutumin da daga baya sarakuna suka yi ta rububinsa, sunan ɗan amshi ya ɗauka ya shiga duniya da shi.

Da Ɗankwanda ya rasu, jagorancin ƙungiya ya faɗa hannun Kurna a matsayinsa na babba, Musa kuma ya zama Daudun kiɗa, wato na biyu a gidan, mai riƙe amshi, mai tsayawa idan jagora ba ya nan.

Yadda ƙungiyar take

Masu nazarin waƙar baka, musamman Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, mai littafin Makaɗa da Mawaƙan Hausa na 1996, sun raba makaɗa gida biyu: na kaɗaita da na ƙungiya. Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, shi ne fitaccen misalin kaɗaita, daga shi sai kuntiginsa. Makaɗin fada kuwa ba ya tsayuwa shi ɗaya. Yana da 'yan amshi, waɗanda galibi su ne kuma masu kaɗa kotson, yana da sanƙira mai ɗaga murya a tsakiyar waƙa yana jero asalin ubangida da kyautar da aka yi. Ƙungiyar kanta tsarin fada take kwaikwayo, har da ba da sarautu a cikinta, irin su Daudu da Marafa da Galadima.

Kotso ganga ce mai baki ɗaya, tsukakkiya a tsakiya, buɗaɗɗiya ta ƙasa. Ana rataya ta a kafaɗa, a kaɗa ta da yatsu ba da makaɗi ba, ana matsa tsarkiyoyin jikinta don murya ta hau ko ta sauka, a tsakiyar fatar kuma akwai naken da ke ba ta amonta. Idan mutum huɗu ko biyar suka haɗu a kanta suna kaɗawa suna rerawa a lokaci guda, kuskuren mutum ɗaya ba ya ɓuya.

A nan ne gidan Ɗankwanda ya yi zarra. A wurin Mamman Shata, alal misali, aikin 'yan amshi shi ne su maimaita gindin waƙa, sauran magana duk ta Shata ce. A wurin Ɗanƙwairo kuwa jagora yakan ɗauko ɗan waƙa ya kai shi rabi ya saki, 'yan amshi su cafe su ƙarasa, wani lokaci su yi masa ƙari da jimla biyu ko uku kafin a koma gindi. Wani wurin ana karɓeɓeniya, shi ya faɗi nasa su faɗi nasu, har mai sauraro ya rasa inda muryar jagora ta tsaya ta mutanensa ta soma. Irin wannan ba ya yiwuwa sai an zauna a gida an tsara waƙa, an haddace ta, an yi ta bita. Shi ya sa mafi yawan 'yan amshin gidan 'yan gida ne, 'ya'ya da ƙanne da barorin da suka tashi a ciki. Kuma shi ya sa ɗan amshin da ya shekara ashirin a irin wannan ƙungiya ya riga ya zama mawaƙi, sauran kawai a ba shi gaba.

Rabuwa

Dalilin rabuwar ba faɗa ba ne, bisa abin da aka fi ruwaitowa. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, Firimiyan Jihar Arewa, shi ya nemi a ba shi makaɗi daga Maradun. Neman yana da tushe, don gidan sarautar Maradun zuriyar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, Sardauna kuma jikan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Raba ne, ɗan Bello. Makaɗan Maradun ke nan makaɗan gidan su Sardauna ne. Kurna a lokacin girma ya soma kama shi, yawon Kaduna da rangadin siyasa kuwa aikin mai ƙarfi ne, sai aka tura Daudu. Kurna ya zauna gida yana yi wa iyayen gidansa na gado kiɗa, Ɗanƙwairo ya fita da tasa ƙungiyar.

Fitar ta zo daidai da wani abu da uban bai taɓa samu ba. A 1962 aka buɗe gidan rediyon Kaduna, kuma waƙar da a da sai wanda ya je ƙofar fada ranar salla zai ji ta, yanzu ta shiga kowane zaure mai akwatin rediyo. Waƙoƙin da ya yi wa Sardauna su suka kai sunansa ko'ina a Arewa. Bayan kisan Sardauna ranar 15 ga Janairu 1966, Ɗanƙwairo bai koma makaɗin fada ɗaya ba. Ya yi wa 'Yandoton Tsafe Aliyu waƙa, wadda da yawa ke ɗauka ita ce ƙololuwar fasaharsa, ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar, ya yi wa Sarkin Kano Ado Bayero, ya kuma yi wa attajirai da manyan ma'aikata. Tsohuwar ƙa'ida ita ce makaɗin fada na sarki ɗaya ne, ba ya yi wa wani waƙa sai da izinin ubangidansa. A hannun Ɗanƙwairo wannan igiya ta yi sako-sako ƙwarai.

A wasu ƙasashe rabuwar ƙungiya takan zo da wata siffa. Beatles ta Ingila ta watse a 1970, kowanne daga cikin mutum huɗun ya kama gabansa, kuma masoyansu suna nan suna auna abin da kowa ya yi shi kaɗai da abin da suka yi tare. A kiɗan fada ba haka abin yake ba. Wanda ya ware ba ya zama shi kaɗai, sake gina irin gidan da ya baro yake yi, da Daudunsa da sanƙirarsa, da kotso iri ɗaya, sau da yawa ma da waƙoƙin gado iri ɗaya.

Masu sauraro da gardamarsu

Kudancin Sakkwato yana cikin wuraren da waƙoƙin gidan suka fi zama daram. Kafin a cire Kabi a 1991 da Zamfara a 1996, Bakura da Maradun da Tambuwal da Kebbe duk jiha ɗaya suke, kuma kafin nan lardi ɗaya. Hausar da Ɗanƙwairo yake waƙa da ita Hausar yamma ce, wadda Bakano kan nemi a warware masa wasu wurare, mutumin Jabo kuwa maganar gidansu yake ji. Har sarautar ma ta yi kama: mai Bakura Sarkin Burmi ne, mai Jabo ma Sarkin Burmi. Ga kuma hanyar Sakkwato zuwa Jega da Yauri da ta ratsa Tambuwal, wadda direbobinta suka yi shekaru suna yawo da kaset-kaset ɗin makaɗan fada tun daga shekarun 1970. Yau waƙoƙin suna cikin wayoyi, ana tura wa juna.

Gardamar da aka fi yi a majalisa ita ce ta Narambaɗa da Ɗanƙwairo. Masu Narambaɗa sukan ce shi ne mai zurfin magana da azanci, kuma bai raba kansa ga iyayen gida barkatai ba. Masu Ɗanƙwairo sukan kafa hujja da tsari da daɗin amshi, su ce ko wanda bai fahimci habaicin ba zai gyaɗa kai. Akan sako Sa'idu Faru, makaɗin Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo, da Salihu Jankiɗi, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na III, a faɗaɗa zancen. Wannan gardama ba ta da ranar ƙarewa, kuma masu yin ta ba su ma so ta ƙare.

Gardama ta biyu ta fi ƙanƙanta amma ta fi kaifi, kuma dattawa suka fi yin ta: tsakanin wa da ƙane, wa ya fi? Akwai masu cewa Kurna ne tushe, duk salon da aka yaba wa Ɗanƙwairo a gaban wansa ya koye shi, sa'a ce kawai ta sa rediyo ya tarar da ƙanen da ƙarfinsa. Akwai masu cewa muryar da ke ɗaga waƙoƙin Kurna tun farko ai ta Daudunsa ce, da ya tafi aka ji giɓin. A gaskiya ma'aunin ba daidai yake ba. Waƙoƙin Kurna da ke yawo a hannun mutane ba su kama ƙafar na ƙanensa a yawa ba, kuma shekarun da suka yi tare mafi yawansu sun wuce kafin na'urar ɗaukar murya ta yawaita a ƙasar. Mai kare Kurna yana magana ne a kan abin da ya ji daga bakin iyayensa, mai kare Ɗanƙwairo kuwa sai ya danna waya.

Abin da duka ɓangarorin suke tsallakewa shi ne 'yan amshi. Da yawa daga abin da ake haddacewa a ce na Ɗanƙwairo ne, daga bakinsu yake fitowa, amma kaɗan ne cikin masu gardamar za su iya kiran sunan ko mutum biyu daga cikinsu.

Bayan 1991

Da Ɗanƙwairo ya rasu, 'ya'yansa da suka yi masa amshi suka ci gaba da kiɗan, kamar yadda ɗan Aliyu Ɗandawo, Sani, ya riƙe gidan ubansa a Yauri bayan rasuwar uban. Sai dai magada a wannan zamani suna da kishiyar da Kurna da Ɗanƙwairo ba su yi fama da ita ba lokacin da suka gaji Ɗankwanda, wato muryar uban da aka ɗauka. A wurin naɗin sarauta ko biki, abin da ake yawan nema a wurinsu shi ne su maimaita tsofaffin waƙoƙin, kuma duk wanda ke wurin yana da na asalin a aljihu da zai gwada da shi. Sassan Hausa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato da Jami'ar Bayero da ke Kano sun tattara matanin waƙoƙin gidan da dama, ɗalibai kuma suna ta rubuta kundaye a kan salo da jigoginsu.