Dogo da Badala: Waiwaye a Kan Sufurin Kano

A shekarar 1911 ne hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano daga Baro. Turawan mulkin mallaka ba su shigo da ita cikin birni ba. A bayan badala suka kafa tasha, domin babbar buƙatarsu ita ce kwasar amfanin gona da fatu zuwa bakin teku. Tun daga nan hada-hada ta soma karkata daga Kasuwar Kurmi zuwa waje.

Cikas na farko a jikin dogon yake: faɗinsa ƙafa 3 da inci 6, layi ɗaya tal, ga yawan lanƙwasa. Jirgi ba ya iya sakin gudu a kansa. Na biyu shi ne rashin tsayawa a kan manufa guda. Da kuɗin fetur ya samu a shekarun 1970, aka mai da hankali ga tituna, tireloli suka gaje kayan jirgi, nauyinsu ya farfasa kwalta. Kwangilar sabon layin Legas zuwa Kano da aka bayar a 2006, an dakatar da ita a 2008. Sai a 2021 aka ƙaddamar da aikin Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi.

A cikin birni kuwa, lungunanmu don jaki da mai tafiya a ƙasa aka yi su. Faɗaɗa titi yana nufin rusa gidajen gado da biyan diyya. A 2010 har tsohuwar Ƙofar Na'isa aka rushe saboda haka, aka gina sabuwa.

Saboda haka wajibi ne mu tambayi mahukunta tun yanzu: ta wace hanya kayan ɗan Kurmi za su kai sabuwar tasha? In ba a tsara wannan ba, birni zai sake zama ɗan kallo kamar a 1911.