Katin Shehu Abdullahi da Asalin Shari'ar Ƙwallo

Ran 10 ga Nuwamba 1917 ba a san ƙwallon ƙafa a gabashin Sakkwato ba sai ko a labarin Turawa, amma ran Juma'a 10 ga Nuwamba 2017, watau bayan shekara ɗari cif, samarin Wurno da Rabah da Goronyo sun cika gidajen kallo bayan isha'i, janareta na ruri a bayan katanga, suna kallon Nijeriya tana karawa da Aljeriya a birnin Kusantina, kuma abin da ya ƙara wa wasan armashi a wurinsu shi ne akwai ɗan gida a cikin fili, Shehu Abdullahi, haifaffen Sakkwato, wanda ya yi suna a Kano Pillars kafin ya ƙetare teku. John Ogu ya ci wa Nijeriya, Yacine Brahimi ya rama da fenareti dab da tashi, aka watse kunnen doki, ɗaya da ɗaya, kowa ya tafi ya kwanta a kan haka. Bayan wata guda, cikin Disamba, sai rediyo ta kawo labari cewa FIFA ta zauna a Zurik, ta soke abin da idon kowa ya gani, ta rubuta wa Aljeriya uku, Nijeriya babu, ta kuma ci hukumar ƙwallon Nijeriya tarar faran 6,000 na Suwizalan, sabili da an sa Shehu a wasan alhali yana cikin dakatarwa.

Mutumin ƙasarmu da ya tashi da kallon kokawa da dambe bayan kaka yana da uzuri in wannan hukunci ya ɗaure masa kai, gama a filin kokawa in bayanka ya taɓa ƙasa magana ta ƙare a nan take, makaɗa su wasa gwaninsu, ba kuwa wani malami da zai buɗe takarda bayan wata guda ya ce ai wanda ya yi kayen shi ne kayayye. To, ta yaya wasan da Turawan Ingila suka tsara wa dokoki a 1863 don motsa jinin samari ya zama abin da ke da alƙalai da lauyoyi da matakan ɗaukaka ƙara har hawa uku?

A farkon al'amari babu kati ko ɗaya. Alƙalin wasa da baki yake gargaɗi, da baki yake kora, ya rubuta suna a ɗan littafinsa, sa'an nan wani kwamiti ya duba daga baya ko za a hana ɗan wasan buga wasa na gaba ko a yi masa afuwa, kuma wannan kwamiti, kamar kowane majalisi na 'yan Adam, yana jin roƙo, yana kuma duba fuska. Misali mafi shahara shi ne na Garrincha na Barazil, wanda aka kora a wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Duniya na 1962 a ƙasar Chile, amma aka yi ta kai gwauro ana kai mari har aka bar shi ya buga wasan ƙarshe, Barazil ta ɗauki kofi. In muka ari lafazin malaman fiƙihu, horon ɗan ƙwallo a wancan zamani duk ta'aziri ne, abin da aka bar wa ganin damar mai hukunci, ba a yanka masa wani ƙadari sananne ba.

Abin da ya kawo kati kuwa rashin jin harshen juna ne. Ran 23 ga Yuli 1966, a filin Wembley, alƙali Bajamushe, Rudolf Kreitlein, ya kori kyaftin ɗin Ajantina, Antonio Rattin, a wasansu da Ingila. Shi alƙali ba ya jin Sifaniyanci, shi Rattin ba ya jin Jamusanci, ya tsaya ƙememe yana neman a kawo tafinta, wasa ya tsaya mintoci masu yawa, kuma Jack Charlton na Ingila sai a jarida ya karanta washegari cewa shi ma an rubuta sunansa. Ken Aston, Baturen da ke shugabantar alƙalan gasar, yana cikin motarsa a London sai ya lura da fitilar ba da hannu, ruwan ɗorawa na cewa a yi hattara, ja na cewa a tsaya, ya ga lalle wannan yare ne da ba ya bukatar tafinta. Aka fara amfani da katunan a Kofin Duniya na 1970 a Meziko, ko da yake ba a ɗaga ja ba sai a na 1974, ga Carlos Caszely na Chile.

A nan ne, a ganina, tarihin ya juya, ko da yake shi kansa Aston ba lalle ne ya hango haka ba. Gargaɗin baki iska ne, amma kati abu ne da ake ƙirgawa, abin da ake ƙirgawa kuwa sai an rubuta shi a daftari, daftari kuma sai da magatakarda. Sai doka ta zama cewa a wasannin neman gurbin Kofin Duniya wanda ya tara katin gargaɗi biyu a wasa biyu daban-daban, to, wasa na gaba ya haramta gare shi, ba sai wani kwamiti ya zauna ba, kuma ƙungiyar da ta sa shi ta faɗi wasan da ci uku ko da ita ce ta yi rinjaye a fili. Da haka dakatarwa ta tashi daga ta'aziri ta koma kamar bashi mai bin mutum duk inda ya nufa, ko ya tuna da shi ko ya manta.

Bashin Shehu daɗaɗɗe ne. Katinsa na farko ya same shi a wasa da Suwazilan cikin Nuwamba 2015, a zagayen share fage, Sunday Oliseh na riƙe da ƙungiya. Oliseh ya ajiye aiki, Samson Siasia ya riƙe na ɗan lokaci, Salisu Yusuf ya riƙe, sa'an nan aka kawo Gernot Rohr, kati yana nan kwance a littafin FIFA ba wanda ya waiwaye shi, har ran 7 ga Oktoba 2017 a Uyo, ranar da Shehu ya miƙa wa Alex Iwobi ƙwallon da ya ci Zambiya ya ba Nijeriya gurbi a Kofin Duniya na Rasha, kuma a wannan yini na farin ciki ne aka ɗaga masa na biyu. Kusan shekara biyu tsakanin kati da kati, masu horarwa huɗu sun riƙe ƙungiya. Ba aikin ɗan wasa ba ne ya riƙe wannan lissafi, aikin ofis ne, kuma hukumar ƙwallon Nijeriya, a ƙarƙashin Amaju Pinnick, ta karɓi hukuncin ta ce za ta bincika cikin gida. Allah ya kiyaye Nijeriya ta riga ta yi nisa, makinta ya sauka daga 14 zuwa 13, Zambiya na biye da 8. Da tazarar kaɗan ce, da an yi irin ta Kef Bade a 2013, wadda ta je har Tunisiya ta ci biyu da babu, aka ƙwace nasarar domin ta sa Fernando Varela bai gama zaman horonsa ba, aka ba Tunisiya gurbin zagaye na gaba.

Tambayar da na sha ji a bakin dattawan da ke sauraron irin wannan gardama ta yara ita ce, in mutum yana ganin an zalunce shi, me zai hana ya kai ƙara gaban alƙali? Tambaya ce ta mutanen da suka san darajar ɗaukaka ƙara. Ƙasar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗinsa a Wurno, ya rasu a can a 1837, ƙasar da almajiranta suka karanta Liya'ul Hukkami na Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ba baƙuwa ba ce ga ƙa'idar cewa hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kan wanda ya musa, kuma ƙofar sarki a buɗe take ga wanda hukuncin na ƙasa bai gamsar ba. Mutanen Rabah ma suna da misali a gida. Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, wanda aka haifa a garin ya kuma yi Sarkin Rabah tun 1934, an tuhume shi a 1943 kan kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta yanke masa ɗauri, ya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu a Zariya, aka wanke shi sarai. Da babu wata ƙofa gaba da ta farko, da tarihin Arewa ya ɗauki wata hanya dabam.

To, ita wannan ƙofa ta kotun hukuma ita ce FIFA ta rufe wa mutanenta. Tsarin mulkinta ya hana ƙungiya ko ɗan wasa ko jami'i kai rigimar ƙwallo kotun ƙasa, kuma dalilinta ba na banza ba ne: tana da mambobi fiye da 200, kowa da dokarsa da alƙalansa, in kuwa kowane alƙali a kowane gari yana iya ɗage dakatarwar ɗan garinsu ana gobe wasa, gasa ba za ta ƙaru ba. Illa dai wanda ya hana mutane rijiya, wajibi ne ya haƙa musu wata. A Nijeriya ta da, ba a haƙa ba. Wajen 1985, lokacin da hafsan sojan sama Tony Ikazoboh ke shugabantar hukumar ƙwallo, an dakatar da Stephen Keshi da Henry Nwosu da wasu abokansu na ƙungiyar New Nigerian Bank ta Benin saboda jinkirin zuwa sansani, babu kuwa wani majalisi mai zaman kansa da za su kai kuka. Keshi bai nemi lauya ba, ya ɗauki jakarsa ya tafi Abijan, daga can ya wuce Beljiyam, ya buɗe hanyar da 'yan wasan Nijeriya suka yi ta bi zuwa Turai. Haka nan a ƙarshen 1989, da FIFA ta hana Nijeriya shiga gasannin matasa shekara biyu, ta kuma karɓe baƙuncin gasar 1991, saboda saɓanin ranakun haihuwa a takardun Siasia da Andrew Uwe da Dahiru Sadi, haƙuri aka ci.

Rijiyar da aka haƙa ita ce kotun sasanta rigingimun wasanni da ke Lozan a Suwizalan, wadda ta fara aiki a 1984 bisa shawarar Juan Antonio Samaranch, shugaban kwamitin Olamfik, kuma abin da ba kowa ya sani ba shi ne wanda ya tsara ta ya kuma shugabance ta har rasuwarsa a 2007 ɗan Afirka ta Yamma ne, Keba Mbaye na Senegal, alƙali a kotun duniya ta Hague. FIFA ta daɗe tana ja da baya, sai a 2002 ta yarda ta sa kanta ƙarƙashinta. Tun daga nan matakai suka daidaita: kwamitin ladabtarwa, kwamitin ɗaukaka ƙara, kotun Lozan, sa'an nan wata 'yar ƙaramar taga zuwa kotun ƙoli ta Suwizalan, wadda ba ta sake sauraron shari'a daga tushe, sai dai ta duba ko an bi ƙa'ida. Ta wannan taga ce Paolo Guerrero, kyaftin ɗin Peru, ya samu aka jingine dakatarwarsa ta wata 14 a ƙarshen Mayu 2018, ya buga Kofin Duniya, ya dawo ya ci gaba da zaman horonsa.

Ɗan Nijeriyar da ya taka matakan nan kusan duka shi ne Siasia, wanda Shehu ya ci lambar tagulla a ƙarƙashinsa a Olamfik ta 2016. A Agusta 2019 FIFA ta haramta masa harkar ƙwallo har abada bisa tuhumar ya yarda zai karɓi rashawa don a murɗe wasanni. Ya kai Lozan, a Yuni 2021 kotun ta tabbatar da laifi, amma ta ce horon ya wuce kima ga mai laifin farko, ta mayar da shi shekara biyar, ta soke tarar faran 50,000. Bai gamsu ba, ya shigar da FIFA ƙara a wata kotun tarayya a New York, alƙalin Amurka ya ce ba shi da hurumi, ya kori ƙarar. Sai da shekara biyar ɗin ta cika a Agusta 2024. Siasia ya kuma sha faɗa a fili cewa kuɗin shari'ar ya yi masa nauyi, wannan kuwa ita ce illar da nake gani a tsarin: kotun da ke Lozan, da lauyoyin da ake biya da kuɗin Turai, ba ta ɗan wasan ƙaramar ƙungiya ba ce, wanda albashinsa ma sai an yi watanni bai gani ba. 'Yan wasan da aka haramta wa ƙwallo har abada a 2013, bayan abin kunyar nan na Bauchi inda Plateau United Feeders ta ci 79 da babu, Police Machine ta ci 67 da babu a rana ɗaya, ba irin waɗanda za su iya sayen tikitin Suwizalan ba ne, ko da akwai mai hanzari a cikinsu.

Su kuwa manya da suka gwada komawa kotun gida sun ga sakamako. A Yuli 2014 wata kotu a Jos ta tsige shugabannin hukumar ƙwallo ta Aminu Maigari, ran 9 ga wata FIFA ta dakatar da Nijeriya ɗungurungum, ba a ɗage ba sai da aka janye ƙara aka mayar da su kujerunsu.

Shehu dai bai rasa kome ba, da shi aka fara wasan Nijeriya na farko a Rasha, da Kuroshiya, ran 16 ga Yuni 2018. Sai ga shi a 2025 reshe ya juye da mujiya: Afirka ta Kudu, wadda ke rukuni ɗaya da Nijeriya, ta sa Teboho Mokoena a wasanta da Lesotho cikin Maris alhali yana da kati biyu, kuma samarin da suka yi ta tsine wa dokar nan a gidajen kallo na Goronyo da Achida shekara takwas da suka wuce, su ne yanzu suke ƙirga ranaku suna tambaya yaushe FIFA za ta zartar da ita. Ta zartar a ƙarshen Satumba, ta cire wa Afirka ta Kudu maki uku, ta ci ta tarar faran 10,000. Duk da haka ita ta ƙare a saman rukuni da maki 18, Nijeriya na biye da 17.