Daga Ƙirgin Majemi Zuwa Rigar Ɗan Acaɓa

Duk wanda ya taɓa yin sammako tsakanin Tashar Yari da Maƙarfi a tsakiyar hunturu, sa'ad da hazo ya lulluɓe gonakin rake har ba a gane mai tahowa sai ya iso gab da mutum, ya san abin da ya sa 'yan acaɓan wannan yanki suke ƙaunar baƙar rigar fatar nan da suke kira jaket, wadda in ba ita a jiki, iskar asuba kan ratsa ƙirjin mai tuƙi tamkar an watsa masa ruwan randa. Sanyin ƙasar Zazzau kuwa daɗaɗɗen abu ne, domin Alhasan al-Wazzan, mutumin Fas da Turawa ke kira Leo Africanus, a littafin da ya kammala a 1526, ya ambaci cewa mutanen Zazzau kan hura wuta a tsakar ɗaki su zuba garwashi a ƙarƙashin gado saboda tsananin ɗari. A littafin nan dai ya yabi takalman da ake ɗinkawa a Gobir ana kai su Tumbutu. Ashe ɗari da fata sun daɗe da sanin juna a ƙasar Hausa.

Kafin zuwan roba da leda, rayuwar talaka da ta basarake duk a kan fata suke tafiya: warkin manomi, da gugan rijiya, da salkar matafiyi, da taikin da fatake ke ɗora wa jaki, da buzun malami da gafakar da yake adana Alƙur'ani a ciki, balle sirdi da linzami da kuben takobi. Sana'ar kuwa kashi biyu ce, ta majemi da ta baduku, kuma a ganina ta majemi ce uwa, ko da yake ita ce mutane suka fi ƙyama saboda warinta. Shi ne zai jiƙa ɗanyar fata cikin ruwan toka har gashi ya saki, ya kankare shi da kartaji, ya sake jiƙa ta da kashin kaji ko na tattabaru don ta yi laushi, sa'an nan ya tsoma ta cikin ruwan dakakkiyar bagaruwa, ya yi ta murza da juyawa har jima ta ratsa ta ciki da waje. Bayan wannan sai mai, wanda ake shafawa a murza har fatar ta sha, kana a shanya. Rini na biyo baya: ja daga karan dafi da kanwa, baƙi daga kuloko wanda ake haɗawa da kashin maƙera, rawaya kuwa daga gangamau. Wanda ya lura da wannan tsari zai ga cewa bagaruwa ce ke hana fata ruɓewa, mai kuma shi ke hana ta karyewa, kuma na biyun nan ba ya dawwama, sai an riƙa sabunta shi muddin ana amfani da kayan.

Sunan fatarmu ya kai nesa. Bature Heinrich Barth, da ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana fitar da takalma da jemammun fatu zuwa Tarabulus ta hamada, kuma fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ce galibin abin da Turawa suka riƙa saye da sunan fatar Maroko. Da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya ratsa ta Likoro da Gimi a wannan yanki namu, sai ciniki ya juya kudu zuwa teku, kamfanoni suka fi son busasshiyar fata wadda ba a jeme ba, aka kuma naɗa malaman fata suna bin mahauta kasuwa kasuwa suna horon a daina shanya fata a ƙasa cikin rana, a ɗaure ta a jikin itace a inuwa. Daga wannan ƙoƙari ne aka kafa cibiyar koyar da gyaran fata a Zariya a 1964, wadda ta zama cibiyar binciken fata ta Samaru a yau. Abin baƙin ciki, yayin da ƙimar ɗanyar fata ke hawa, majemin ƙauye yana ta ja da baya.

Ita kuwa rigar da muke zance baƙuwa ce. A birnin New York na Amurka wani maɗinki, Irving Schott, ya fito da samfurinta mai zif a 1928, ya sa mata suna Perfecto, domin mahaya babur su sami abin da zai tare iska, ya kuma kare fatar jikinsu in sun faɗi. Galibin irin waɗannan riguna da gishirin kurom ake jeme fatarsu, hanyar da aka yi wa rajistar mallaka a Amurka a 1884, wadda ke ba da fata mai taushi da jure ruwa fiye da ta bagaruwa. Ta iso mana ne cikin dilar gwanjo, ta kasuwanni irin su Ƙofar Wambai a Kano da Sabon Garin Zariya, bayan da matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan 1986 ya tura samari da yawa ga sana'ar acaɓa, har babur ya zama shi ne jakin da ke fito da tumatir da barkono daga ƙauyukan Ikara da fadamun Kudan zuwa bakin titi.

A nan akwai mas'alar da ɗalibai ba su rasa tattaunawa a zaure. Mashahurin zance a mazhabar Malikiyya, kamar yadda Risalar Ibn Abi Zaid ta kawo, shi ne fatar mushe idan an jeme ta ya halatta a yi amfani da ita, amma ba a salla a kanta, alhali Shafi'iyya da Hanafiyya na ganin jima na tsarkake ta, ban da ta alade, da kuma ta kare a wajen Shafi'iyya. Tun da yake mai sayen gwanjo bai san yadda aka yanka dabbar ba, mai tsentseni kan tuɓe rigar ya ajiye a kan babur kafin ya shiga sahu. Fatar alade kuwa, wadda akan yi shafin ciki da ita, ana gane ta da ƙofofin gashinta da ke jere uku uku.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda nake ganin riguna masu kyau suna mutuwa cikin hunturu biyu, alhali ilmin raya su yana nan a hannun tsofaffin dukawan da ke gyaran sirdi a bakin kasuwa. Na taɓa ganin wani yaro ya jiƙa tasa cikin bokiti da garin sabulu ya baza a kan kwanon ɗaki, washegari ta sandare kamar ƙirgi, domin sabulun ya wanke man da ke cikinta, rana kuma ta ƙarasa sauran. Abin da ya kamata shi ne a kakkaɓe ƙura da busasshen tsumma, a bi da mai ɗan danshi, a kula ƙwarai da wuya da bakin hannu inda gishirin zufa ke taruwa, a rataye ta a inuwa ta bushe a hankali, nesa da wutar mai shayi. In ta bushe, sai a lakaci man kaɗanya kaɗan a narkar da shi a tafin hannu, a fara gwadawa a wani lungu tun da yana duhunta launi, kana a murza ko'ina, musamman gwiwar hannu da kafaɗa inda tsaga ke farawa, a bar ta ta kwana, da safe a goge abin da ba ta sha ba. Baƙin man inji da kananzir kuwa guba ne gare ta. Zif in ya cije, a goga masa kyandir. Wadda ke ɓarewa tana zubar da ɓawo, da ma roba ce aka yi wa kamar fata, ba man da zai cece ta.

Idan bazara ta shigo aka daina sa ta, kada a ninke ta a cusa cikin leda, domin laimar damina za ta haifar mata da funfuna. A rataye ta inda iska ke shiga, a lulluɓe da tsohon zane, a riƙa fito da ita ana dubawa duk bayan 'yan makonni, har ran da aka fara saran rake, iskar gabas ta sake kaɗawa.