Kafin a Buɗe Sabon Kwas, Wa Ke Tambayar Laburare?

A shekarun farko na Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, auna bukatar sabon kwas ba wani dogon aiki ba ne: malami ya miƙa jerin littattafai, laburare ya yi oda daga Ingila. Karyewar darajar naira daga 1986 ita ta kawo ƙarshen wannan sauƙi, mujallu suka daina zuwa, kantoci suka tsufa. Dokar soja mai lamba 16 ta 1985 ta riga ta ba Hukumar Kula da Jami'o'i ikon ƙayyade ma'auni, aka fara tantance kwasa-kwasai a farkon shekarun 1990. Yau ba a ɗaukar ɗalibai a sabon kwas sai tawagar hukumar ta zo ta ga malamai da ɗakunan gwaji da littattafai.

Mu da muke cikin aikin mun san tambayoyin tawagar: littafi nawa, bugun wace shekara, akwai intanet? A nan gizo ke saƙar. Ɗauki yaron Funtua ko Malumfashi da zai karanta aikin gona a Dutsin-Ma ko Samaru. Abin da zai fi amfanarsa shi ne rahotannin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru kan auduga da masara da ƙuduji, da bayanan shirin raya noma na Funtua da aka fara a 1975 da tallafin Bankin Duniya. Takardu ne da suka yi ja, wasu bugun tafireta, gara na cin gefensu. A ma'aunin sabunta ba su da maki, alhali sabon littafi kan alkamar Amurka yana da shi.

Za a ce ba don ƙidayar littattafan ba, da wasu sun buɗe kwas da kantoci wayam. Gaskiya ne, kuma ba na neman a soke ta. Amma ƙidaya ce ta haifi aron littattafai ana gobe tawaga za ta zo, a mayar bayan ta tafi. Gyaran yana cikin gida: kada majalisar malamai ta amince da kwas sai shugaban laburare ya bi darussan ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi abin da ke akwai, abin da za a saya da kuɗin asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund, da tsoffin rahotannin da za a ɗauka a kwamfuta. Shugabannin jami'o'inmu, ku kira shugaban laburare tun ranar da aka fara rubuta manhaja.