Smith: Yadda Laƙabin Maƙerin Ƙauye Ya Zama Sunan Miliyoyi

A Ingila, cikin kowane mutum ɗari ana samun kimanin ɗaya mai amsa sunan Smith. Babu sunan iyalin da ya kai shi yawa a can, haka kuma a Sikotilan da Ostireliya. A Amurka, ƙidayar jama'a ta shekarar 2010 ta samu mutum 2,442,977 masu wannan suna, ya bai wa Johnson da ke biye da shi ratar sama da rabin miliyan. Wanda ya ga irin wannan yawa zai ɗauka wata babbar zuri'a ce ta yaɗu daga kaka guda. Ba haka ba ne. Smith maƙeri ne a tsohon Turancin Ingila, kuma sunan ya tsiro ne a ɗaruruwan ƙauyuka waɗanda ba su san juna ba. Daga baya alƙalamin masu karɓar haraji ya ɗaure shi a wuyan 'ya'ya da jikoki, sannan ya haɗiye sunayen wasu al'ummu da ba su da dangantakar jini da Ingila ko kaɗan.

Zamanin suna ɗaya

Kafin ƙarni na 11, mutumin Ingila suna ɗaya yake da shi: Godwin, Wulfstan, Edith da makamantansu. In an rasa gane wanda ake nufi, sai a ƙara masa laƙabi daga kamanninsa ko garinsa ko sana'arsa, kamar yadda a garuruwanmu ake cewa Audu Maƙeri ko Garba Wanzami. Laƙabin na mai shi ne kaɗai, in ya mutu a binne su tare. Ɗaya daga cikin tsofaffin rubuce-rubucen da masana sunaye suke kafa hujja da su ya fito ne daga yankin Durham a arewacin Ingila, wajejen shekarar 975, inda aka ambaci wani Ecceard tare da laƙabin maƙeri. Wannan mutum ƙira yake yi da hannunsa, ba gadon sunan ya yi ba.

Maƙeri yana da daraja a idon mutanen wancan zamani, har da ɗan tsoro. Tatsuniyoyinsu cike suke da labarin Wayland, gwanin maƙerin da wani sarki ya gurgunta don kada ya gudu da fasaharsa. Wani tsohon kabarin duwatsu da ke yankin Oxfordshire a yau, tun a wata takardar filaye ta shekarar 955 ake kiransa maƙerar Wayland.

Zuwan Normawa da alƙalamin hukuma

A shekarar 1066 William, mai mulkin Normandi a arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi a Hastings, ya raba ƙasar ga manyan mayaƙansa. Wasu daga cikinsu sun zo da al'adar amsa sunan garin da suka fito, irin su Percy da Mowbray. Da yake gadon ƙasa shi ne ginshiƙin mulkinsu, suna mai bin zuri'a ya zama shaidar mallaka: ɗan da ke son gadon gandun ubansa yana bukatar a san shi da sunan gidan. A kundin Domesday na shekarar 1086, wanda ya ƙididdige filaye da dukiyar masarautar, an fara ganin alamun wannan a tsakanin manya. Talakawa kuwa sai da aka shafe kusan shekara 300 kafin abin ya game su.

Abu biyu suka tura su. Na farko, sunayen yanka sun ƙaranta. Tsofaffin sunayen gargajiya sun ɓace, kowa ya koma John da William da Richard da Robert da Thomas. A ƙarshen ƙarni na 14, kusan kashi ɗaya cikin uku na mazan Ingila John ake kiransu. Ƙauye mai John goma dole ya nemi hanyar rarrabe su. Na biyu, hukuma ta shiga rubuta komai: shari'ar gona, tara, haya, haraji. Magatakardan kotunan ƙauye sun gano cewa bin sawun gona daga uba zuwa ɗa ya fi sauƙi in laƙabin bai sauya ba. Da farko da Latin suke rubutu, sai su sa faber a gurbin maƙeri, ko kuma fevre na Faransanci. Sannu a hankali kalmar da mutanen ƙauye suke furtawa da bakinsu ta kore su daga takarda.

Harajin kai da aka ɗora a shekarun 1377 da 1379 da 1381 ya bar dogayen jerin sunaye, kuma a cikinsu ne masana suke ganin sauyin ƙuru-ƙuru: ga mutum ana kiransa Smith amma sana'ar da aka rubuta masa daban ce. Harajin 1381 shi ya tayar da boren talakawa wanda Wat Tyler ya jagoranta, shi ma sunansa na sana'a ne, mai rufin ɗaki. Zuwa shekarar 1400, yawancin iyalan kudanci da tsakiyar Ingila sun riƙe suna guda na gado, arewa ta biyo baya. A 1413 aka yi dokar da ta wajabta rubuta matsayi ko sana'a da mazaunin wanda ake ƙara a gefen sunansa, domin sunan kaɗai ya daina nuna aikin mutum. A 1538 Thomas Cromwell, babban wazirin Sarki Henry na Takwas, ya umarci kowace coci ta riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza. Daga nan sunan gado ya zauna daram.

Me ya sa maƙeri ya fi kowa?

Sunayen iyalan Ingila daga tushe huɗu suka fito: sunan uba kamar Johnson, wurin zama kamar Hill, siffa kamar Brown, sai sana'a kamar Taylor da Baker. Cikin na sana'a, dalilai uku suka ɗora maƙeri a gaba.

Na farko, ba ƙauyen da zai rayu ba shi. Bakin garmar shanu, lauje, gatari, ƙusa, sarƙa, takalmin ƙarfe na kofaton doki, duk daga uwar maƙerarsa suke fitowa, kuma gyaransu ba ya jiran tafiyar kwana biyu zuwa birni. Kundin Boldon na shekarar 1183, wanda ya lissafa kadarorin limamin cocin Durham, ya nuna maƙera riƙe da gonaki a matsayin ladan ƙera ƙarafan garma. Mai gona da maƙera ba ya yawo, kuma ɗansa ne ke riƙe masa zuga-zugi tun yana yaro. Sana'ar gado ce, don haka laƙabin ya daɗe a gida ɗaya har ya zama suna.

Na biyu, maƙeri ɗaya ko biyu ne a ƙauye. Noma aikin kowa ne, kiran mutum manomi ba ya bambanta shi da maƙwabcinsa. Amma in aka ce John maƙeri, kowa ya san ƙofar da za a nufa.

Na uku shi ne wanda aka fi mantawa. Wasu manyan sana'o'in sun rarrabu a kan kalmomi da yawa. Masaƙa sun kasu tsakanin Webb da Webster da Weaver. Masu dukan ulu su tsabtace shi, a kudu maso gabas Fuller ne, a arewa Walker, a kudu maso yamma Tucker. Maƙeri kuwa kalma ɗaya ake kiransa da ita kusan daga wannan ƙarshen ƙasa zuwa wancan, sai duk ruwan ya taru a kogi guda.

Annobar da ta auka wa Ingila a 1348 da 1349, wadda ta kashe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na jama'a, ta shafe sunaye da dama waɗanda gida ɗaya tak ke riƙe da su. Sunan da ke da saiwa a ɗaruruwan wurare ba ya mutuwa haka. Kimiyyar zamani ta tabbatar da wannan yawan saiwa. A 2009, Turi King da Mark Jobling na Jami'ar Leicester sun wallafa binciken ƙwayoyin gadon da ɗa namiji ke karɓa daga uba. Sun samu cewa masu sunaye marasa yawa sukan haɗa kaka, amma mazan da ke amsa Smith ba su fi sauran jama'ar gari kusanci da juna ba.

Sunan ya yi rassa. Akwai Goldsmith maƙerin zinariya, da Arrowsmith mai ƙera kan kibiya, da Shoesmith mai yi wa dawaki takalmi. Smithson ɗan maƙeri ne, kuma da dukiyar da James Smithson ya bari aka kafa cibiyar Smithsonian a Washington a 1846. Smyth da Smythe kuwa ragowar zamanin da kowane magatakarda ke rubutu yadda kunnensa ya ji ne, ko da yake daga baya wasu gidaje sun riƙe su don su fita daga cikin taro.

Yadda ya haɗiye sunayen wasu

Kusan kowace al'umma mai sunan gado tana da nata maƙerin: Schmidt a Jamus, Lefebvre a Faransa, Ferrari a Italiya, Kowalski a Polan, Kuznetsov a Rasha, Haddad a ƙasashen Larabawa. Inda duk Turancin Ingila ya zama harshen mulki, wasu daga cikin irin waɗannan sunaye sun narke cikin Smith.

A Ailan abin ya fara da doka. A 1465 majalisar Turawan da ke mulkin yankin Dublin ta umarci 'yan ƙasar da ke zaune a cikinsu su ɗauki sunan Ingilishi, na gari ko na launi ko na sana'a. A ƙarnukan da suka biyo baya, da yawa daga zuri'ar Mac Gabhann, wato 'ya'yan maƙeri, sun koma Smith, musamman a gundumar Cavan. Haka ta faru ga wasu masu harshen Gelik a tsaunukan Sikotilan.

A Amurka sunan ya sauka tare da jiragen farko: Kyaftin John Smith yana cikin waɗanda suka kafa Jamestown a 1607. Baƙin da suka biyo baya daga Jamus da Holan da gabashin Turai, da yawansu sun sauya suna da kansu don samun aiki da guje wa tsangwama. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ƙyamar Jamusawa ta yi tsanani har gidan sarautar Birtaniya ya sauya sunansa zuwa Windsor a 1917. In sarki ya yi haka, ba a tambayar dalilin da ya sa Schmidt mai shago ya wayi gari Smith.

Hanya mafi ɗaci ita ce ta bauta. Labarin Venture Smith ya nuna yadda take. An kama shi yana yaro a Afirka ta Yamma, sunansa na gida Broteer, aka fitar da shi ta gaɓar Anomabu da ke Gana ta yau. Bayan shekaru yana bauta a arewa maso gabashin Amurka, ya fanshi kansa a 1765 daga hannun ubangidansa na ƙarshe, Oliver Smith, ya ɗauki sunansa, kuma an buga tarihin rayuwarsa a 1798. Bayan soke bauta a 1865, miliyoyin 'yantattu sun bukaci sunan da za a rubuta a takardar aure da ta aiki. Wasu sun riƙe na tsohon ubangida, wasu sun zaɓi wanda ya fi yawa a gari. Yau fiye da kashi ɗaya cikin biyar na Smith ɗin Amurka baƙar fata ne. Cikinsu har da Tommie Smith, ɗan tseren da ya ɗaga dunƙulallen hannu a gasar Olamfik ta birnin Meziko a 1968. Ta hanyar 'yantattun bayin Saliyo da 'yan mishan, sunayen Ingilishi irin wannan sun iso gaɓar Afirka ta Yamma, shi ya sa ba a yi mamaki ba da ɗan Legas, Musiliu Smith, ya zama Sufeto Janar na 'yan sandan Nijeriya a 1999.

Masu sunan da Arewa ta sani

Tarihin Arewacin Nijeriya ma yana da nasa Smith ɗin. Sir Bryan Sharwood Smith, wanda Hausawa suka yi wa laƙabi da Mai Wandon Ƙarfe, shi ne Gwamnan Jihar Arewa har zuwa 1957. M. G. Smith, haifaffen Jamaika, ya rubuta littattafai kan sarautar Zazzau da Daura da Kano, matarsa Mary kuma ita ta rubuta tarihin rayuwar Baba ta Karo wanda aka buga a 1954. Sai Farfesa Abdullahi Smith, Baturen Ingila da ya musulunta, ya koyar da tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello, ya kuma jagoranci kafa cibiyar Arewa House a Kaduna a 1970. Suna ɗaya suka haɗa, amma kowa da hanyar da ta kawo shi.

Inda aka kwana

Sana'ar da ta haifi sunan ta ja baya tun tuni. Daga 1709, lokacin da Abraham Darby ya fara narka tama da gasasshen kwal a Coalbrookdale, ƙarfe ya kama hanyar komawa hannun masana'antu, daga baya mota da tarakta suka raba maƙerin ƙauye da dawakin da yake ci da su. Sunan bai girgiza ba, don ya riga ya rabu da masaba da awartaki shekaru ɗaruruwa kafin nan. Yawansa ya mai da shi sunan kowa da kowa, shi ya sa George Orwell ya zaɓe shi ga talakan ma'aikacin da ke tsakiyar littafinsa mai suna 1984.

Amma kasonsa yana raguwa a hankali. A ƙidayar Amurka ta 2010, Garcia ya hau matsayi na shida, Rodriguez da Martinez ma suna cikin goman farko. A Wels Jones ne ke kan gaba, a Ailan Murphy. Ga mai neman asalinsa kuwa, Smith shi ne suna mafi wahalar bi. Dole ya koma rajistar haihuwa da gwamnati ta fara a Ingila a 1837, daga nan ya gangara littattafan coci ƙauye bayan ƙauye, yana rarrabe John da John, kuma ba mamaki a ƙarshen sawun ya tarar da Bajamushe ko ɗan Ailan ko bawan da aka ɗauko daga Afirka.